Tsumman da Ya Kwana Shida a Bushe

Jikata ta faɗo mini ɗaki kwanan baya da jaririnta a kafaɗa, ko sallamar kirki babu. Wai yaron ya kwana biyu bai yi kashi ba. Madarar gwangwani take ba shi a kwalba, don tana zuwa aiki, kuma tun safe ta kwance masa ƙugu ta leƙa ya fi sau goma. Na karɓe shi na latsa cikin, na ji shi da laushi, ɗan banzan har da sakar mini tusa a hannu yana dariya. Na ce mata lafiyarsa ƙalau, in kuma hankalinta bai kwanta ba ta kai shi wurin likita. Sai ta ce, "Kaka, ke ba ki ganewa. Ku zamaninku nono kaɗai kunka sani." Na ce to. Ban ba ta amsa ba, don amsar tana da tsawo, kuma labarin ubanta ne.

Ubanta shi ne haihuwata ta uku. Biyun farko ban yaye ko ɗaya ba. Ta farin mace ce, ta yi wata huɗu, zawo ya kama ta da damina, kwana uku ta tafi. Na biyun namiji, shi wata biyu kawai ya yi, kuma shi ma zawon ne. Muna zaune a wani ƙauye kan duwatsu tsakanin Buza da Tabotaki, a shekarun da Nasara ke yaƙinsu can ƙasarsu, mu kuma nan aka rasa ko ƙyallen ɗaurawa. Ina da tsohon cikin ubanta gardawan kumandan, wato dogaran Nasara, suka zo suka kwashi maza aikin hanya wajen Madawa, har da maigidana. Gidan ya rage daga ni sai uwarsa, wadda nake ce wa Inna.

Da na biyun ya rasu ban yi kuka ba. Mata suka yi ta yabon haƙurina, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne. Abin ne ya ɗauke gaba ɗaya, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ina daka, ina zuwa rijiya, ina amsa gaisuwa, in an ba ni tuwo in ci, in ba a ba ni ba ba na tunawa. Haka na ɗauki cikin na uku, haka na haife shi a tsakiyar zafin bazara. Da aka ce mini namiji ne na ce madalla, don abin da ake cewa ke nan.

Kwana uku da haihuwar ungozoma ta dawo, wata tsohuwa mai ido ɗaya wadda ta yanke cibiyar rabin garin. Ta ce macen da 'ya'ya ke mutuwa a hannunta sai an gwada nononta kafin a sa wani a kai. Ta sa na tatsa a ɗan ƙoƙo, ta kamo baƙar tururuwa a gindin danga ta jefa ciki. In ta yi iyo ta fita, nono lafiyayye ne. In ta mutu, shi ke nan. Muka sunkuya mu uku muna kallo. Tururuwar ta zagaya sau biyu, ta kai bakin ƙoƙon ta zame, ta sake zagayawa, sannan ta daina motsi.

"Nonon ga na da dahi," in ji ungozoma. "Shi yac cinye biyun can. In kuna son ɗan ga shi rayu, kada shi taɓa bakinai."

Inna ta dube ni, na dubi ƙoƙon. Ban yi musu ba. An gaya mini ni na kashe 'ya'yana biyu da abin da nake ba su don su rayu, na kuma karɓi maganar kamar an ce mini gobe kasuwa.

Kada wani ya ɗauka Inna muguwa ce. 'Yar ƙaramar mace ce, busasshiya, mai faɗa kamar me, ta haifi takwas ta binne biyar, kuma yaron nan ta ɗora ranta a kansa tun ranar da ya faɗo. Ita ta ɗaure mini ƙirji da guntun tsohon rawani don nonon ya ƙafe. Ita ta hana a dama mini kunun kanwa, wanda ake ba kowace mai jego don ruwan nono ya kawo. Wankan ruwan zafi dai na yi shi safe da yamma, amma kunu sai farin kunu. Nonon bai san an hana shi ba. Ya cika ya yi tauri har ba na iya ɗaga hannu, sai na riƙa zagayawa bayan rumbu ina kwance ɗaurin ina tatsewa a ƙasa, in tura rairayi da ƙafa in rufe kada kaji su tsattsaga su mutu. Don zafin ya sassauta nake yi, ban san tatsar ce ke hana shi ƙafewa ba.

Inna tana da jar akuya da ta haihu kafin ni da sati biyu. Aka ɗaure ɗan akuyar a turke nesa da uwarsa, ya zama daga safe har yamma kukansa ne kiɗan gidan. Inna ta tatsi nonon ta dafa shi har ya yi kauri, wai mai ruwa-ruwa shi ke sakin ciki. Sannan ta jiƙa 'ya'yan bagaruwa ta tsiyaya ruwan a ciki kaɗan, don bagaruwa maganin zawo ce, kuma a gidan nan zawo kaɗai muka sani abin tsoro. Ni ke riƙe yaron a cinya, ita ke ɗura masa da ɗan ludayi. Ya ƙware, ya yi tari, ya yi ihu, ya haɗiye. In an gama ya juyo da kai wajen ƙirjina yana lalube da baki, sai in juya shi ya dubi waje. Ba na jin komai a raina lokacin, ɗaurin ƙirjin ne kawai ke jiƙewa.

Tsumma uku gare shi, daga tsohon zanena aka yago su, kuma a wannan zamani ko mai gari ba zai ba ka na huɗu ba. Doka ce ba na wanke ko ɗaya sai Inna ta gani. Ta shimfiɗa shi a rana, ta duba, ta shinshina, sannan ta miƙo mini. Da farko yana yi sau ɗaya a yini, fari-fari mai tauri. Daga baya ya koma ƙanana-ƙanana, busassu, sak na akuya. Maƙwabta suka samu abin dariya, wata ta ce saura ƙaho ya fito masa. Tun daga nan ake ce masa ɗan akuya, har yau da furfurarsa abokan wasansa ba su bari ba, shi ma da bakinsa yake cewa akuya ce ta raine shi. Inna kuwa murna take. Duk tsumman da ya zo da tauri sai ta ce Allah mun gode.

Yana gab da kwana arba'in aka wayi gari tsumma ba komai sai fitsari. Washegari ma haka. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, ciki ya kama. Wanga ba irin waɗancan ba na." Ta ƙara masa bagaruwa don kamun ya yi ƙarfi. Kwana na uku muka shanya tsumma uku a danga, farare tas, wata mata da ta shigo ɗibar wuta har ta yi mana barka. Kuskuren ke nan, kuma ba na jin wanda bai binne yaro saboda zawo ba zai iya yin irinsa. Mu abin da muke roƙo ke nan shekara da shekaru, a ce yaro ya riƙe abin da ke cikinsa.

Ran na huɗu ya fara yunƙuri. Ya tattare ƙafafu zuwa ciki, fuska ta yi ja, ya yi nishi har jijiyar wuya ta fito, sannan ya saki jiki ya fashe da kuka, a duba ba komai. Ya yi haka ya fi a ƙirga. Cikin ya taso ya yi tauri yana sheƙi, kamar ɗan goran da aka cika aka toshe. Ran na biyar ya ƙi ludayi, abin da aka ɗura masa da ƙarfi ya dawo da shi. Nan ne Inna ta zubar da jiƙon bagaruwar a bayan danga. Ta shafa masa man shanu a ciki, ta gasa tsumma a wuta tana ɗora masa, ta aika aka kira ungozoma.

Ungozoma ta latsa cikin da yatsa biyu, yaron ya ƙwalla ƙara. Ta sa masa ɗan sabulu a dubura, muka jira, shiru. Ta ce a nemo ɗanyen man shanu na ranar a lasa masa. "In jibi ta yi bai yi ba, a kira wanzami shi yi mai tsaga ga ciki, baƙin jini shi hita."

Na san tsagar. An yi wa na biyun kwana biyu kafin ya tafi. Abin da na yi bayan ungozoma ta fita zan faɗa ko da ba shi da daɗin ji. Na zauna ina tunanin da me za a yi masa likkafani, tunda babu ƙyalle a garin. Na tuna maigida ya bar wata tsohuwar farar riga a cikin tukunyar kaya, hannu ɗaya ma ya isa. Na je na duba ko gara ta ci, na tarar ba ta ci ba, na mayar na rufe. Sannan na ɗauki tulu na tafi rijiya. Ba na ƙin yaron. Na dai riga na san hanyar, sau biyu na bi ta, kuma ban ga dalilin da zai sa ta uku ta bambanta ba.

Ran na shida da hantsi Inna ta yafa mayafi za ta zangon Buzaye a gindin dutse, inda suke da shanu, ta roƙo man da aka kaɗa a ranar. Tafiya ce mai ɗan nisa ga tsohuwa. Ta bar mini ƙoƙon nonon akuya rufe da faifai, ta ce in gwada ba shi in rana ta take. Yaron yana kwance kan tabarma, kukan ma ya gaji da shi, sai wani ɗan sauti yake yi can ƙasa-ƙasa.

Da rana ta take na ɗaga faifan. Tururuwa biyu sun shiga nonon. Ɗaya ta riga ta mutu, ɗaya tana zagaye. Na sa yatsa zan tsame su, sai na tsaya. Mai ran ta kai bakin ƙoƙon ta zame, ta sake zagayawa, ta daina motsi. Na daɗe ina kallonta. Na tashi na je gindin danga na kamo wata, baƙa, irin ta ungozoma, na jefa. Ita ma ta yi zagayenta ta mutu. Na kamo ta huɗu, don ni ba mai saurin ganewa ba ce. Nonon akuyar Inna ne, wanda yaron ya sha kwana arba'in.

Ban yi fushi ba a lokacin. Fushin sai bayan shekaru ya zo, ungozoma ta daɗe a ƙasa, ba wanda zan sauke wa. Kuma kada in yi ƙarya in ce na gane nonona lafiyayye ne. Abin da na gane kawai shi ne tururuwa ba ta san komai ba. 'Ya'yana biyu dai sun mutu, kuma nonon suka sha. In dafin gaskiya ne, na ba shi, to yau zai mutu kuma ni ce. In ban ba shi ba, gobe wanzami, bayan wanzami hannun riga. Na dubi ƙofa, ba kowa sai ɗan akuya yana ta kukansa a turke. Na kwance guntun rawanin.

Bai san yadda ake yi ba. Ya lasa, ya kau da kai, ya yi ɗan kuka, na matsa masa kaɗan a leɓe. Ya tsaya cak. Sannan ya kama. Zafin ya ratsa ni har tafin ƙafa. Ya ja a hankali yana hutawa, ya ja, ya huta, hannunsa ɗaya a buɗe kan haƙarƙarina, har barci ya ɗauke shi bakinsa a wurin. Bai yi amai ba. Na zare shi, na mayar da ɗaurin, na tsame tururuwan na zubar da rabin nonon akuyar don a ce ya sha. Na zauna kusa da shi ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ina jiran ya tsaya. Kafin Inna ta dawo na sake ba shi sau ɗaya, tunda dai bai mutu ba.

Inna ta dawo da azahar, ƙafa duk ƙura, da ɗan man a ganye. Ta lasa masa, ya lashe. Bayan la'asar yana kan cinyata sai na ji ya sandare, ya fara yunƙurin nan. A wajenmu in jariri ya fara biyan buƙata a jikinka ba ka motsi, ba ka ɗaga shi, ba ka ko tari, don in ya firgita ya katse, abin ya koma ciki ya zama ciwo. Inna ta ɗaga mini hannu daga inda take.

"Kak ki motsa, ɗiyata. Ko numhwashi ki yi a hankali."

Ya yi nishi, ya yi ƙara, sai ga wani abu kamar tsakuwa ya faɗo, da ɗan jini a jikinsa. Sai na biyu, sai na uku. Ya huta, ya sake, sai sauran ya biyo baya da yawa, ya wuce tsumman ya malalo kan zanena, wanda ba ni da wani bayan shi. Ban motsa ba. Ƙafata ta mutu a ƙarƙashinsa, ƙuda suka taru, ban motsa ba. Inna tana durƙushe tana kuka tana sa wa Buzuwa mai man shanu albarka, ita da shanunta da jikokinta. Cikin yaron ya sauka ya yi laushi, ya buɗe ido yana kallon rufin ɗaki. Ni abin da na ji a lokacin ba murna ba ce, yunwa ce. Na tambayi Inna ko akwai sauran fura, ta dube ni kamar ba ta san ni ba, don an fi shekara ban nemi abinci da bakina ba.

Har yau ban san ko man ne, ko nonon ne, ko lokacinsa ne ya yi. Wanzami dai bai zo ba.

Na ci gaba da ba shi a ɓoye. In zan zagaya bayan rumbu sai in goya shi, in ce kuka yake. Sau uku a yini, wani lokaci huɗu, kuma duk sa'ad da ya kama sai in ce wannan ne zai kashe shi. Ya fara tura ludayin Inna da harshe, ta ce ciwo ne ya rage masa ci. Abin da ban yi tunani ba shi ne tsumma. Kashin ya fara sauyawa. Ya bar tauri, ya bar fari, ya koma rawaya mai laushi da ɗan warin tsami, sau uku a yini. Na so in riƙa wankewa kafin ta gani, amma mai tsumma uku ba ta da abin ɓoyewa, Inna ta san kowanne da yagewarsa.

Ran na biyar da fara ba shi ta shimfiɗa tsumman a rana kamar kullum. Ta duba. Ta kai hanci ta shinshina, ta daɗe ba ta sauke ba. Na zaci za ta ce zawo ne ta koma ga bagaruwa, na manta mace ce da ta shayar da takwas. Ta ɗago ta dubi ƙirjina, inda ɗaurin ya yi sako-sako. Na san abin da zai biyo baya. Za ta kira ungozoma, a ɗauke shi a mayar ɗakinta, ni kuma a kai ni gidanmu Sabon Gida har sai ya yi wayo, kuma ba wanda zai ce ta yi laifi.

"Kwana nawa?" ta ce.

"Biyat, Inna."

"Tun ranad da nit tahi biɗar mai?"

"I."

Ta juya ta dubi yaron. Yana kwance kan tabarma a inuwar rumbu, yana harba ƙafafu sama, yana ƙoƙarin cusa dunƙulen hannunsa a baki. Ta daɗe tana kallonsa. Ta miƙo mini tsumman ta ce in wanke, ta shige ɗakinta.

Na wanke na shanya. Ina nan tsugune na ji ta fito, na ji turmi, na ji ta hura wuta, ban juya ba. Can sai na lura gidan ya yi shiru, na rasa abin da ya ɓace, sai da na waiga na ga turke ba kowa. Ɗan akuyar yana ƙarƙashin uwarsa, ya durƙusa yana tunkuɗar hantsarta, wutsiya tana kaɗawa.

Inna ta zo ta dire ƙwarya a gabana. Ƙamshin ya riga ya gaya mini kafin in duba, kunun kanwa ne, mai kauri, yana tururi.

"Sha da zahinai," ta ce. "Ki kwance tsiyag ga daga ƙirjinki. In wani ya tambaya, nonon akuya shika sha."

Na ɗebo ludayi ɗaya na kai baki, na kasa haɗiyewa. Sai na ji wata murya mara daɗi tana fita, ashe tawa ce. Na yi kukan yarinyar, na yi na yaron da aka yi wa tsaga, na kira su da sunayen da ban ƙara furtawa ba tun da aka fita da su. Inna ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta je bakin ƙofar gida ta zauna ta ba ni baya, duk wadda ta zo ɗibar wuta ta ce mata ta mutu, har na gama na shanye kunun da sanyinsa.